Dabbobin Yaya Mudi

Duk ranar kasuwar Ɗanbatta, da na zauna a rumfar mai shayi sai wani ya ce, "Isiyaku, ba mu labarin teku mana." Na ba da shi har ya fara canza kama a bakin mutane. Kwanaki na ji wani yana rantsuwa wai maciji mai kai bakwai ne ya sare ni a Gana. Shi ya sa na ce gara in rubuta yadda abin ya faru, tun macijin bai ƙara kai ba. Abin da ya taɓa ni bai fi tsawon yatsa ba, kuma ni na kai masa hannu.

A shekarun fari ne, lokacin ba a yi dam ɗin Watari ba, sama kawai muke kallo. Damina biyu a jere gero ya tsiro ya ƙone. Mun ci tafasa, mun ci dusa, mun ci abin da a da ko akuya sai an lallashe ta take ci. Wana, Yaya Mudi, shi ne babba a gidanmu tun rasuwar Baba. A damina ta biyu shi ya yanke shawarar a yi binne, wato a shuka iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan farko. Aka binne, aka yi yayyafi, ya tsiro, rana ta cinye. Aka sake, ta sake cinyewa. Ranar da ya tabbata irin ya tafi, ya jingine sungumi a bayan rumbu ya ce shi da zuba hatsi a ƙasar da ba ta mayarwa har abada. Bayan sallah ya bi motar goro, muka daina jin ɗuriyarsa.

Yaya Mudi ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallonsa ido da ido, ko a gabanta aka yabe shi sai ta kau da kai. "Wancan" take ce masa. Da ya tafi ba ta ce komai ba. Sai dai ta daina cin rabonta duka, kuma muka gano tana da wani tulu a ƙarƙashin gado, an liƙe bakinsa da laka. Ragowar irin geron Baba ne. Ko a ranakun da muka kwana da ruwan zafi a ciki ba ta bari an taɓa shi ba.

Da bazara ta matso na ce ta ba ni in shirya shuka. Ta ce, "Ba mai buɗe tulun nan sai wanda ubanku ya bar wa sungumi."

Na ce, "Inna, ni ma fa ɗanki ne."

Ta ce, "Na sani. Ina wurin aka haife ka."

Kowa ya san Inna. In Yaya bai dawo ba, tulun zai kwana a rufe, mu kuma mu sake shekara ba gero.

Ana cikin haka Alhaji Barau mai fataucin goro ya dawo daga kudu da saƙon baki. Ya ce ya ga Mudi a wani gari na bakin teku a Gana, Mudi ya ce a gaida gida, a ce yana kiwon dabbobi. Dabbobin ba sa ƙirguwa, ba ruwansu da fari, kuma bai taɓa sayen musu dusa ba. Aka tambayi Alhaji ko ya gan su da idonsa, ya ce sauri yake, amma Mudi ba maƙaryaci ba ne.

Kafin la'asar labari ya zaga ƙauye, a bakin rijiya dabbobin sun zama shanu, a masallaci sun fara haihuwar tagwaye. Aka ce ni zan je in zo da Yaya, in taho da abin da ya sawwaƙa. Kawu Dauda, ƙanin Baba, ya kawo mini igiya mai kauri ya ce bijimi yake so, ba ya son mai tabo. Maƙwabta ma suka kawo nasu, har buhuna ya cika da igiyoyi. Inna ce ta zo ƙarshe. Ta ba ni ƙullin daddawa da garin kuka, sannan ta miƙo wata 'yar tsohuwar igiya, ta akuyarta da ta mutu bara. Ta ce, "Ko ɗaya ka samu, ka ɗauro."

Muka shiga jirgin ƙasa a Kano ni da Alhaji Barau. Taragon cike yake da irinmu, masu gudun yunwa, kowa yana cewa ziyara za shi. Wani Buzu ya yi barci a kafaɗata tun daga Zariya, da ya farka ya yi mini godiya da yarensa, ya juya ya koma kan ɗaya kafaɗar. Da muka haye Kwara na leƙa taga na ga ciyawa tsaye har ƙugu, kore shar, ba mai ci. Wallahi haushi ya kama ni. Na tuna akuyar Inna tana lasar bango. Na ce wa Alhaji, "Mutanen nan ba su da tsoron Allah ne?" Ya ce in mayar da kaina ciki kafin reshe ya raba ni da hula.

A Legas Alhaji ya tsaya wajen abokan cinikinsa, ya sa ni a mota, ya kwatanta mini gidan wani Maigida Saidu a zangon Hausawan garin da Yaya yake. Ya ce kafin Gana akwai ƙasashe biyu masu jin Faransanci, amma kada in damu, kalma ɗaya ta ishe ni. Duk abin da aka ce mini in ce "wi", ma'anarta "to".

A iyaka ta farko wani ma'aikaci mai gajeren wando ya dube ni ya yi magana, na ce wi. Ya sake, na ce wi. Ya ɗaga gira ya yi wata doguwa, na gyara tsayuwa na ce wi da ƙarfi. Sai ga ni a wani ɗaki an zazzage buhuna. Wata Bayarabiya mai jin Hausa da muke mota ɗaya ta biyo mu tana dariya, ta ce tambayata ya yi ko ina ɗauke da kayan da aka hana, ko na san laifi ne, ko kuma na saba yi. Duk na amsa.

Mutumin ya ga igiyoyi tuli, ya tambayi na mene ne. Na ce na dabbobi. Ya ce ina dabbobin? Na ce suna gaba. Ya ɗan matsa baya. Sannan ya kwance ƙullin Inna ya kai hanci. Ban san me ya zata ba, amma ya yi tari har hularsa ta faɗi, ya ɗaure mini kayana da hannunsa ya nuna ƙofa. Daddawar Inna ce ta fid da ni, daga nan kuma na koma kurma har Gana.

A iyakar Gana wani abin ya sake samuna. Muna hayewa direba ya karkata ya koma hannun hagu, ga manyan motoci suna tahowa ta hannun da muka baro. Na yi kalmar shahada da ƙarfi na riƙe wuyan na gabana. Ashe a lokacin su hagu suke bi. Na gaban nawa bai karɓi wannan bayani a madadin wuyansa ba.

Maigida Saidu dattijo ne mai fara'a, kakansa Bakano ne, amma shi bai taɓa ganin Kano ba. Hausarsu ta can ba ta raba mace da namiji. Ya ce mini, "Zauna, matata ya dafa abinci, yanzu zai kawo." Na zauna ina jiran in ga wane irin gida na faɗo. Sai ga wata baiwar Allah da zane da mayafi, hankalina ya kwanta. Ta kawo dokunu, wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, da soyayyen kifi da yaji. Na zaci ya kwana ne ya lalace, na ci don kunya. Da na ga Maigida yana lashe yatsa na gane haka aka nufa. Na tambaye shi inda Yaya yake ajiye dabbobinsa. Ya ƙware, sai da aka ba shi ruwa. Ya ce, "Gobe da hantsi za ka gan su."

Da la'asar Yaya Mudi ya shigo. Ya yi baƙi, ya rame, wandonsa a naɗe har gwiwa. Muka gaisa, ya tambayi kowa har jakin Kawu, ya bar Inna a ƙarshe, da na ce tana nan sai ya dubi ƙasa. Ya ja ni muka je in ga teku. Ba zan ɓata muku lokaci ba: ruwa ne, ba shi da ɗaya gaɓar, yana dukan wasu baƙaƙen duwatsu kamar sun yi masa laifi. Na ɗanɗana na tofar. Na ce duk wannan, ba a shuka ko kuɓewa da shi? Yaya ya ce ko ɗaya.

Washegari da hantsi muka koma, ni da igiyar Kawu a kafaɗa. Muna hawa tudu na tsaya cak. Ruwan ya tafi. Inda jiya yake tafasa, yau duwatsu ne tsirara, da 'yan kududdufai, da gansakuka tana bushewa a rana. Tekun ya ja baya can. Na san wannan kamar yadda na san sunana, haka tafkin garinmu ya fara.

Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaya, farin ya iso nan ma!"

Na ruga wajen wasu masunta da ke gyaran koma, ina nuna musu ruwan, ina cewa su tara mutane a fita roƙo tun da sauran dama, mu ma haka muka yi sakaci. Ba sa jin Hausa. Ɗaya ya miƙo mini kwakwa. Yaya yana ta dariya har ya zauna a kan dutse, amma da ya ga hawaye nake yi da gaske sai ya daina. Ya ce, "Isiyaku, kullum haka yake. Sau biyu yake tafiya, sau biyu yake dawowa, tsakanin yau da gobe. Kafin la'asar yana nan."

Na ce, "Wa ya ce?"

Ya ce, "Ba wanda ya ce. Bai taɓa fashi ba ne."

Muka gangara cikin duwatsun, santsi kamar an zuba miyar kuka. Ya ajiye wani gwangwani mai jiƙaƙƙiyar gansakuka a ciki, ya kama wani dutse ya kifar. A ƙarƙashi wasu abubuwa suka yi ta mutsu-mutsu suna neman rami. Ya cafko ɗaya ya ɗora a tafin hannu.

Ya ce, "Ga su."

Na ce, "Ga su wa?"

Ya ce, "Dabbobin."

Tsutsa ce. Doguwa, mai kama da shanshani amma jikinta taushi, tana ƙyalli kore-kore ja-ja in rana ta taɓa ta. Na dubi tsutsa, na dubi igiyar Kawu, na dubi wana. Ya ce, "Ƙirga su in ka iya. Ka ga alamar fari a jikinsu? Ka ga ina sayen dusa? A cikin maganata wacce ce ƙarya?"

Na ce, "To wanne zan ɗaura wa Kawu? Ya ce ba ya son mai tabo."

Sana'arsa ke nan. In ruwa ya janye ya tono su, ya sayar wa masu fatsa su sa a ƙugiya. Kuma ya san su kamar yadda Bafillace ya san garkensa. Ya nuna mini jikinta gaɓa-gaɓa ne, kowace gaɓa da 'yan ƙafafu biyu masu faɗi, kowace ƙafa da tsinin gashi a bakinta. Da su take rarrafe, da su take iyo, ta nan kuma take shan iska. Na ce ba ta da baki ne? Ya ce in taɓa kanta. Na taɓa. Sai ta amayo maƙogwaronta waje, a ƙarshensa ga wasu baƙaƙen haƙora biyu kamar hantsaki, ta cije ni. Na yi tsalle na zauna a kududdufi. Ya ce da su take yagar gansakuka da ƙananan halittu da duk mushen da ruwa ya bari. Ita kuma kifi na nemanta, ƙaguwa na nemanta, tsuntsu na nemanta. In an cizge mata wutsiya, wata take tsirowa.

Ya ce a wani lokaci na shekara, in wata ya kai wani matsayi, sai manyansu su canza jiki, su bar ramukansu gaba ɗaya su hau saman ruwa. A can maza da mata suke fashewa su zubar da ƙwai, su mutu, 'ya'yan su yi ta yawo a ruwa har su sami dutsen zama. Na ce a garinmu ma aure yana kashe mutum, amma a hankali.

Na lura duk dutsen da ya kifar sai ya mayar da shi yadda ya same shi. Ya ce in ka bar shi a buɗe rana ta kashe na ƙasa, gobe ba ka da komai. Na ce, "In ruwan ya tafi, me ya hana su bin sa?"

Ya ce, "Wadda ta bi shi kifi ta kai wa kanta. Shigewa suke can cikin tsaga inda da sauran laima, su lafe, su jira."

Na ce, "Binne ke nan."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Nasu ruwan yana dawowa."

A nan na gaya masa maganar tulu. Ya ce in je in fasa. Na ce ya zo ya fasa in ya isa. Ya ce shi ya ƙone irin gidanmu har sau biyu, da wane ido zai karɓi na ƙarshe? Nan, ko ba komai, ba ya kwana da yunwa, kuma ba wanda ya san shi balle ya nuna shi. Ya ce in huta kwana biyu in koma. Ni kuwa na san in na koma ni kaɗai, ba gero kawai muka rasa ba.

Na zauna ina taya shi aiki, ina neman ta inda zan ɓullo masa. Wata rana na kifar da dutse na ga wata daban, mai kauri, ja-ja, gefenta biyu da fararen gashi tuli-tuli kamar auduga. Na ce yau na samo bijimin Kawu. Yaya ya ɗago ya ce, "Kar ka..." amma na riga na damƙe ta.

Jama'a, wannan ce macijin mai kai bakwai. Gashin nan ya kakkarye a cikin fatata. Hannuna ya ɗau wuta, na yarfe, na goga a wuya, wuyan ma ya ɗauka. Ina tsalle ina susa, sai na ji bakina yana cewa, "Yaya, ƙaiƙayi! Wallahi ƙaiƙayin gero ne!"

Shi ne sak. Wannan ƙaiƙayin da ke bin mutum ranar sussuka, ya shiga wuya, ya shiga hammata, ya hana barci. Duk shekara muna zaginsa. Sai a lokacin na tuna rabona da jin sa damina biyu. Na tsaya da susar, na bar shi yana ci.

Yaya ya zaunar da ni yana cire mini gashin ɗaya-ɗaya. Ya ce wannan ko kifi ba ya cinta, ba mai saye, gashin ne makaminta. Ya sa tsinke ya mayar da ita ƙarƙashin dutsenta a hankali, har da gyara mata zama. Da ya miƙa hannu na ga cikin damtsensa, wurin da aiki ba ya kaiwa, da jajayen tabo a jere, wasu sababbi wasu tsofaffi.

Na ce, "Kai da ka san ta, yaya aka yi ta same ka a nan?"

Ya ja hannun riga. Can ya ce, "Wani lokaci abin yana taso mini. Sai in zo in ɗan taɓa."

Muka zauna, ƙato biyu a kan dutse, ɗaya yana susa. Ban ankara ba sai na ji sanyi a wandona. Ruwan ne ya dawo, yana shiga tsaga-tsaga yana cika kududdufai.

Yaya ya ce, "Ta ambace ni?"

Na ce, "Ka taɓa jin ta ambace ka?"

Ya ce, "To me ta ce?"

Na laluba aljihu na fito da 'yar igiyar akuya. Na ce, "Kowa ya ba ni ta shanu. Ita wannan ta ba ni. Ta ce ko ɗaya na samu, in ɗauro."

Ya karɓa ya juya ta. Shi ya tufka ta da hannunsa. Ya ce, "Inna ta san ba ni da ko kaza." Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya juya mini baya yana kallon teku.

Igiyoyin mutanen gari mun bar wa masunta, suka ba mu bandar kifi kwando guda. A iyaka Yaya ya hana ni buɗe baki. Da muka sauka a Ɗanbatta labari ya riga mu, muna isa ƙauye muka tarar da jama'a a bakin hanya, Kawu Dauda har ya kafa turke. Suka ga mutum biyu ramammu da kwandon kifi. Kawu ya leƙa bayanmu, ya sake leƙawa. Har ya rasu yana cewa a hanya muka sayar da shanun.

A zaure na ce wa Yaya ya miƙo hannu. Na ɗaura masa igiyar a wuyan hannu na ja shi har tsakar gida. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki. Ta dubi igiyar, ta bi ta da ido har inda ta ƙare, sannan ta kau da kai.

Na ce, "Inna, ɗaya na samu."

Ta ce, "Ramamme ne." Ta ƙara da cewa, "A ba shi ruwa."

Ta shiga ɗaki. Muka ji ana jan abu a ƙasa. Ta fito da tulun, ta fasa lakar da muciya, ta tura shi gabana ta ce, "Ka ba wancan."

Da safe muka yi binne, shi yana sara da sungumi, ni ina zubawa ina takewa. Ruwa ya yi mana jinkirin da har na daina kallon fuskarsa. Sannan ya zo. Ba wata damina ce ta a zo a gani ba, amma gero ya nuna.

Ranar sussuka mata suna shiƙa a bayan gida, kowa yana gudun inda iska ke kai ƙaiƙayi. Na riga na ba Inna labarin tabon da ke damtsen Yaya, ta yi kamar ba ta ji ba. Yaya ya zo wucewa da dami a ka. Ina kallo Inna ta dubi inda iska take, ta ɗauki ƙwaryarta ta koma ɗaya gefen, ta ɗaga ta sama sosai ta zuba. Ƙaiƙayin ya tashi ya lulluɓe shi tun daga kai.

Ya ajiye damin, ya tsaya a wurin. Ita kuma ba ta dube shi ba, ta sake cika ƙwaryar.